Tawadar Allah a Kusurwar Hoto

Jama'a, ku matso kusa. Yau ba kuka na zo yi muku ba, wanda zan yi na gama shi tun watanni huɗu da suka wuce. Ga waɗanda yanzu suka tsinci labarina, sunana Adawiyya, 'yar Birnin Gwari, shekarata ashirin da uku, sana'ata ɗaukar hoton mata. In ana biki ko suna, inda namiji mai hoto ba ya shiga, can nake shiga, har ƙuryar ɗakin amarya.

Kayan aikina ba irin ƙatuwar kyamarar 'yan jarida ba ce. 'Yar mitsitsiya ce ruwan azurfa, ba ta cika tafin hannuna ba, a jaka ɗaya take kwana da kwallina da man leɓe. In an danna maɓallinta sai idonta ya leƙo waje kamar kan kunkuru. Malam Tomas ne ya ba ni ita, maƙwabcinmu, wanda a da yake raka baƙi dajin Kamuku kallon tsuntsaye da sawun giwa. Da daji ya lalace baƙi suka ɗauke ƙafa, sai ya buɗe shagon wanke hoto a bakin kasuwa, ya miƙo min ita ya ce, "'Yata, ke kina da ido. Kar ta ruɓe a akwati."

Ƙawayena har dariya suke min, wai ana zamanin waya ina yawo da kayan tarihi. Ni kuwa na san abina. Ba ruwanta da wutar lantarki, batir biyu 'yan yatsa sun ishe ta wuni guda. Akwai wata alamar fure a jikinta, in na danna sai ta ɗauko min zanen lallen amarya har gashin hannu ana gani. Tana ƙirga goma ta ɗauki hoto da kanta in na ajiye ta a kan turmi na ruga na shiga sahu. Tana buga kwanan wata da rawayen rubutu a ƙasan kowane hoto. Ga zum, wato zuƙowa, in na ja shi sai na ɗauko mai tallan da ke bakin titi kamar a gabana take tsaye.

Aibinta ɗaya ne. Wata 'yar ƙura ta shige can cikinta inda tsumma ba ya kaiwa. A hoton kusa ba a ganinta, amma in aka ja zum har ƙarshe, sai wani ɗigo baƙi-baƙi ya fito a sama ta hannun hagu, siffar rabin ƙwayar wake. Malam Tomas ya ce gyaranta sai Kaduna. Na ce a bar min kayata, tawadar Allah ce, ni ma ina da irinta a ƙasan kunne.

To, ga abin da ya same ni.

Watanni huɗu baya ana gab da sa mana rana da Habibullahi mai gyaran babur. Ƙanin Babanmu, Baffa Labaran, yana da amyoyin zuma a bakin daji ta hanyar Gayam. Wata Alhamis da hantsi na hau acaɓa na kai masa abinci a kula da batiran tocila a leda. Wanda ya san masu ɗibar zuma ya san shigarsu. Baffa ya naɗe kai da fuska da rawani, idanu kawai a waje, ga wata doguwar kwat har gwiwa, duk don tsoron harbi. Na miƙa masa, muka gaisa da ƙarfi don kunnensa da nauyi, na juyo gida.

Washegari da yamma hotona ya cika guruf-guruf na waya. Ga ni da hijabina ruwan toka, ga daji a baya, ga mutum mai rufaffiyar fuska yana karɓar kula daga hannuna. A ƙasa an rubuta: "Ga mai kai musu abinci. 'Yar gidan Malam Maikuɗi tela."

Ku da ba 'yan garinmu ba, ba za ku gane nauyin wannan ba. A nan, a ce maka infoma, wato ɗan rahoton mutanen daji, ya fi a zagi uwarka. Kusan kowane gida akwai wanda aka taɓa. Baffa ya je gaban mai unguwa da rawanin a hannu ya rantse cewa shi ne a hoton. Waɗanda ke wurin sun ji, amma hoto ya riga ya kai inda muryar Baffa ba za ta kai ba. Aka daina kirana biki. In na doshi famfo sai mata su yi shiru su shiga gyaran ɗankwali. Wata da na ɗauki hoton aurenta kyauta ta janye 'yarta daga kusa da ni. Dangin Habibullahi suka aiko wai a ɗan dakata. Shi kuma gogan, saƙo ɗaya ya turo: "Ki yi haƙuri, iyaye ne." Shekara biyu muna tare, abin da na samu ke nan.

A cikin wannan baƙin ciki Nu'uman ya bayyana. Malamin makarantar kuɗi ne, ɗan aminiyar Gwaggo Furera, yayar Babanmu wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Ya daɗe yana nemana ina kaucewa, don ban taɓa son mutumin da ke gyara zaman hula sau goma a hira ɗaya ba. Amma da kowa ya gudu shi ya tsaya. Ya shiga guruf yana faɗa da mutane a kaina. Kullum da safe saƙonsa ne ke tashina: "Sarauniyata, ko duniya ta juya miki baya ina nan." Wallahi har hawaye na yi a kan wannan saƙon. Ku yi min dariya, na cancanta.

Gwaggo kuwa ta sa ni a gaba.

"Adawiyya, wa kike jira? Mai baƙin mai a farce ya gudu."

"Gwaggo, a bar ni in huce tukuna."

"Ki huce? Da wannan sunan da aka liƙa miki? Yarinya, wanda ya ce yana sonki yanzu, da hannu biyu ake karɓarsa."

Baba ba mai yawan magana ba ne. Ya ɗago daga kan kekensa na ɗinki ya ce, "Uwata, ba zan miki dole ba. Amma ki duba maganar Yaya." Na ga yadda ya rame, na ga yadda masu kawo ɗinki suka ragu, na ce na amince. Aka ce manyan Nu'uman su zo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci.

Ranar Talata da azahar ina zaune a ɗaki ina share tarkacen wayata. Na ce tunda sabuwar rayuwa zan shiga, bari in goge la'anannen hoton nan. Ku sani, tun ranar farko da na gan shi ban ƙara buɗe shi ba, ko wucewa ta kansa zan yi sai na runtse ido. Ranar dai na ce bari in kalle shi sau ɗaya. Na buɗe. Na sa yatsu biyu na faɗaɗa shi, ina kallon fuskata, ina kallon Baffa, idona ya hau sama inda sararin samaniya ya leƙo tsakanin itatuwa.

Ɗigo. A sama, hannun hagu. Rabin ƙwayar wake.

Na goge gilashin wayar da bakin zanina. Yana nan. Na matsar da hoton, ya bi hoton. An yanke ƙasan hoton don a cire kwanan wata, amma wanda ya yanke bai san da tawadar Allah ba. Da kyamarata aka ɗauke ni. Da abin da nake neman abinci da shi aka kashe min suna.

A hannun wa take ranar? Ban ma wahalar da kaina ba. Ranar Laraba, jajiberin zuwana daji, Nu'uman ya zo aronta wai ana raba kyaututtuka a makarantarsu. Na so in hana, Gwaggo ta ce, "Haba, rowar me? Ba shi mana." Ranar Juma'a da safe ya dawo da ita, ya ce da nasa memorin, wato katin ajiyar hoto, ya yi aiki don kar ya cika min nawa. Har godiya na yi masa a kan wannan hankali.

Ban yi kuka ba. Dariya na yi, irin wadda ni kaina ta ba ni tsoro.

Laraba da safe na zura hijabi na nufi shagon Malam Tomas. Na nuna masa, ya sa tabarau ya daɗe yana kallo.

"Kyamarata ce wannan," ya ce. "Ko a mafarki na san tabon nan."

"Amma Malam, zai ce ƙarya ne. Zai ce ƙura ko'ina akwai ta. Ya yi da nasa memorin ya cire abinsa."

"Kawo ta." Ya buɗe murfin batir, ya zare memorina ya ajiye a kan tebur, sannan ya kunna. "Kin taɓa duba ta babu kati a ciki?"

"Me zan gani babu kati?"

"A'a, 'yata. Tana da ɗan cikinta na kanta. Hoto uku ko huɗu yake ɗauka ya cika. In an sa kati sai ta ɓoye su, na katin kawai take nunawa. Mutane da yawa ba su sani ba."

Ya danna maɓallin duba hotuna. Na riƙe bakin tebur.

Hoto uku ne. Ashe ɗan gidan aminiyar Gwaggo ya cire katina tun a gida, ya isa daji da rawar jiki ya manta bai sa nasa ba, sai da kyamara ta ce masa ta cika sannan ya sa. Na farko ganye ne kawai. Na biyu ga ni can nesa ina sauka daga acaɓa. Na uku shi ne ya sa Malam Tomas ya cire tabarau ya ce, "Yesu!" Bai riga ya ja zum ba, a kan babur ɗinsa yake zaune a bayan wani kurmi. Irin wannan kyamarar ba a kara ta a ido, nesa da fuska ake riƙe ta ana kallon gilashin baya. Don haka madubin babur ya ɗauko shi tas: hular nan tasa mai ruwan ƙwai, gemun nan da yake shafa wa turare, baki a ɗan buɗe. Can gaba ga ni ga Baffa. A ƙasa, rawayen rubutu ya buga ranar da ƙarfe goma sha ɗaya saura.

"Mu je wurin Babanki yanzu," in ji Malam Tomas.

"A'a, Malam."

"To mai unguwa."

"Malam, wata huɗu ana nuna ni da baki a garin nan. In na kai wa Baba yanzu, za a kira shi a ɗaki, a yi masa faɗa a ɗaki, a ce in yi haƙuri a ɗaki. Ni a kasuwa aka yanka ni. Ka wanke min wannan babba, mai girman faranti. Ka haɗa da wancan da ya yaɗa, ka zagaye min tabon da jan biro."

Ya dube ni ya girgiza kai. "Kin tabbata?"

"Ka sa masa leda mai ƙyalli ma. Kar miya ta ɓata shi."

Ranar Alhamis da la'asar ya zo zance. Jama'a, na yi kwalliyar da ban taɓa yi masa ba. Atamfata shuɗiya mai zanen ganye, mayafi fari, turaren wuta har ƙofar zaure. Yana ganina ya gyara hula.

"Sarauniyata, yau kin kashe ni."

Na ce a raina, da saura. A fili kuwa na sunkuyar da kai na ce, "Kai Malam, ka cika zolaya."

"Gobe i yanzu an gama magana. Masu gulma sai su mutu."

"Wai ni Malam, har yanzu ba a gano wanda ya ɗauki hoton nan ba?"

Ko ƙiftawa bai yi ba. "Ki bar shi da Allah. Duk wanda ya yi, ba zai gama da duniya lafiya ba."

"Amin," na ce, har cikin zuciyata. "Amin, Malam. Ƙara faɗa."

Ya ƙara faɗa kuwa, har da ɗaga hannu sama. Na kawo masa kunun aya mai sanyi, ya shanye ya sa hannu ya goge gemu. Ina kallon maƙogwaronsa yana hawa da sauka, ina tuna ranar da Baba ya dawo daga masallaci ya kasa cin abinci saboda wani ya matsa daga kusa da shi a sahu. Da ya tafi ya turo: "Na kasa daina tunaninki." Na mayar masa: "Ni ma, wallahi." Ban yi ƙarya ba.

Juma'a ta zo. Tun safe Gwaggo ke kaiwa da kawowa, ta ɗaure ƙugu da tsohon zani, ta dafa shinkafa da miyar kaji, ta yi waina, ta fito da manyan kulolinta masu ruwan zinare waɗanda ba a taɓawa sai da dalili. Guda huɗu ne. Na ce, "Gwaggo, kawo in jera miki a tire." Ta ce, "Yau kuma? Allah ya yi miki albarka." Uku na cika da abinci. Ta huɗun, babbar, na shiga ɗaki da ita.

Bayan masallaci suka iso, mutum uku, da kawun Nu'uman a gaba cikin babbar riga fara, da goro da alewa. Aka shimfiɗa musu darduma a zaure. Baba yana nan, Baffa Labaran yana nan tunda shi ne waliyyina, ya sha wanka har da sabuwar hula. Shi angon gobe, kunya ta hana shi matsowa, yana can tsallaken titi a gindin dalbejiya a kan babur ɗinsa, ina hango shi ta tagar ɗakina. Saƙo ya shigo: "Sun shiga. Gabana faɗuwa yake." Na rubuta: "Ka daure."

Na ɗauki tiren da kaina na kai bakin labulen zaure na yi sallama. Baffa ya miƙo hannu ya karɓa. Ban koma ciki ba, na tsaya a bayan labule na kasa kunne.

Aka yi addu'a. Aka yi gaishe-gaishe. Na ji Baba ya ce, "Bisimilla, a taɓa abinci kafin magana." Na ji ƙarar murfi na farko. Na biyu. Na uku, ƙamshin miya ya taso. Sai na huɗu.

Na ji ƙarar leda ana zaro hotunan daga ciki.

Na faɗa muku kunnen Baffa da nauyi, kuma mai nauyin kunne bai iya raɗa ba. Muryarsa ta tashi har sai da kajin tsakar gida suka watse.

"A'a! Ai wannan ni ne! Ga rawanina! To wannan kuma na cikin madubi fa? Alhaji, ɗauko tabaranka. Wannan ba ɗanku ba ne? Me yake yi a bayan kurmi ranar da nake ɗibar zuma?"

"Malam Labaran, a yi a hankali," in ji kawun.

"Me ka ce?"

"Na ce a yi a hankali!"

"A hankali? Wata huɗu ina rantsuwa a garin nan kamar ɓarawon akuya! Ga kwanan wata nan a rubuce, karanta da kanka!"

Maƙwabta suka fara leƙowa. Na ji kawun yana salati, yana maimaitawa. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Wani sanyi ya sauka a ƙirjina wanda rabona da shi tun kafin damina. In zunubi ne, Allah ya yafe min, amma na ji shi har cikin ƙashi.

Labule ya ɗaga. Baba ne, hoton a hannunsa, idanunsa jawur.

"Uwata, tun yaushe kika sani?"

"Tun Talata, Baba."

"Me kike so a yi?"

Wata huɗu ba wanda ya yi min wannan tambayar. Na share ido na ce, "Baba, ba na son a dake shi, ba na son a ba ni haƙuri. Ranar kasuwa nake so ya tsaya a gaban mai unguwa, a bainar jama'a, ya faɗa da bakinsa. Ni zan ɗauka a bidiyo da wannan kyamarar, in tura duk guruf ɗin da ya tura ni."

Baba ya gyaɗa kai. Ya juya ya ce da baƙin, "Ku kira shi."

Na ruga ɗaki na leƙa taga. Na kunna 'yar azurfata, na ja zum har ƙarshe. Ga fuskarsa ta cika gilashi, waya a kunne, yana murmushi. Ina kallo murmushin ya zube. Ya cire hula. Ya waiga hagu da dama. Na danna, na sake dannawa. Bai taso ba, bai kuma gudu ba. Sai na ga ya sunkuya yana rubutu da sauri.

Wayata ta yi ƙara a kan gado.

"Kin gama da ni, na sani. Amma ni ban san hanyar amyoyin Baffanki ba, ban san ranar da za ki ba, ban san yana rufe fuska ba. Kafin ki kai ni kasuwa, ki tambayi wadda ta ce min in kika rasa kowa dole ki dawo gare ni."

Na karanta sau biyu. Na fito tsakar gida a hankali.

Gwaggo Furera tana tsaye a bakin murhu. Duk ihun da Baffa ke yi a zaure, duk matan maƙwabta da suka cika ƙofa suna tambayar lafiya, ita kaɗai ce ba ta tambayi me ya faru ba. Ludayi na hannunta, miya na ɗiga a kan ƙafarta, ba ta ma ji ba. Matar da ta yi min kitson fari, ta goya ni zuwa asibiti da ƙyanda, ta kwana tana min fifita ranar da hoton ya fita.

Na murɗa maɓalli zuwa bidiyo. Jan ɗigo ya fara ƙiftawa. Na ɗaga kyamarar na saita ta a kan fuskarta.

"Gwaggo," na ce, "ɗago ki dube ni."